Kwaɗo Mai Lamba Goma Sha Huɗu

4 ga Fabrairu

Zuwa ga Baba Mai Kwaɗi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Auta ce, 'yar marigayi Dakta, wadda kake ɗorawa kan kujera don ta leƙa tankunan kwaɗi. Na nemi lambar wayarka aka ce kunne ya yi nauyi, ba ka jin magana ta waya, shi ya sa na koma ga takarda.

Baba, yanzu ina karatun digiri na uku a sashen da mahaifina ya koyar, kuma ɗakin gwajin da kuka yi aiki tare shi aka ba ni. Famfon kusurwa har yau yana ɗiga. Shekara goma sha shida ke nan da kwamiti ya ce mahaifina ya ƙirƙiri sakamakon bincikensa aka kore shi, shekara biyu bayan nan ya rasu. Ina da shekara goma sha ɗaya lokacin. A makaranta 'yar mai ƙaryar kwaɗi ake ce min.

Ka fi ni sanin abin da ya rubuta. Ya ce namijin kwaɗo da ya daɗe a tanki har ya daina kuka, in aka yi masa allurar sinadarin nan da ake kira homon, sinadarin zai isa sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da kuka, cikin awa guda ya kumbura maƙogwaro ya shiga kiran mace, ko da tsakiyar rani ne. Jami'o'i uku suka gwada ba su samu ba, suka ce ƙarya ya yi. Ni kuwa na san mahaifina. Mutumin da ke mayar wa mai shago canji in an yi masa ƙari ba zai yi wa duniya ƙarya ba.

Na ɗauki aikin nan ne don in maimaita gwajinsa in wanke sunansa. Kwaɗi arba'in na tsare wata huɗu. Na juya musu fitilu yadda rana za ta zame musu dare, kamar yadda ya rubuta. Rabi na yi musu allurar sinadarin, rabi ruwan gishiri. Sau uku ina yi, rakoda ba ta ɗauki komai ba sai ɗigar famfo. Malamina ya ba ni zuwa ƙarshen Yuni, in ba sakamako in canza batu.

Kai ka kula da kwaɗin nan shekara tara. Akwai abin da hannu ke yi wanda takarda ba ta rubutawa. Don Allah ka gaya min abin da nake kuskurewa.

Ki gaida Inna nake cewa a raina, sai na tuna kai nake rubuta wa. To, ka gaishe ta da kyau.

'Yarka,
Auta


19 ga Fabrairu

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode Allah da ya raya mana ke. Innarki ta sa na karanta mata har sau biyu, ta ce wai yarinyar da ke tsoron gyare ita ce yau ke yi wa kwaɗi allura. Lafiyarmu ƙalau, sai gwiwa da kunne. Kunnen kam Innarki ta ce da gangan nake yi, sai ta kawo maganar cefane yake toshewa.

Ga abin da na sani. Kada ki zuba musu ruwan famfo kai tsaye, ki bar shi ya kwana biyu a buɗe. Gyare mai rai za ki ba su, ba matacce ba, kwaɗo ba ya cin abin da bai motsa ba. Kada ki yawaita kama su. Dakta ya sha gaya min cewa tsoro ma yana da nasa sinadarin, in ya hau jinin kwaɗo sai ya danne masa sha'awar kuka, ko mace na gabansa ba zai kula ta ba. Ki matsar da tankunan daga bakin ƙofa, ki hana masu takalmi mai ƙara shiga. In za ki ba su lamba, ɗan yatsa ake yankewa da ƙaramin almakashi, kowane kwaɗo da nasa yatsan, ki bar su mako uku su warke kafin ki taɓa su.

Iyakar sanina ke nan. Ni mai wanke tanki ne, ba malami ba.

Amma Auta, ki ji maganar tsoho. Duniya cike take da abin bincike, ga kifi ga ƙadangare. Me zai sa ki tono ramin da aka riga aka rufe? Mahaifinki mutumin kirki ne, kowa ya sani. Shi ya samo min aikin nan lokacin ina dako a tasha. Ranar da haihuwa ta zo wa Innarki da gardama, shi ya bar aji ya kai ta asibiti a motarsa. Wanda ya san shi ba ya bukatar shaidar kwaɗo. Ki bar shi ya huta, ki ɗauki wani batun tun malaminki yana lallashi.

Ki gaida Umma. Rabon da in ji daga gare ta tun ranar sadakar bakwai, ban san laifin da na yi ba, amma ina yi mata addu'a.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Mai Kwaɗi


10 ga Maris

Baba Mai Kwaɗi,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Na gode da shawarwarinka. Duk ina yin su tun kafin ka faɗa, ban da ta ƙarshe.

Makon jiya mai shara ya buɗe min tsohon kabad ɗin ƙarfe da ke bayan firji, wanda makullinsa ya ɓace. Na samu kaset goma sha ɗaya, da littafin aikin mahaifina, da ambulan na hotuna. Na kunna kaset ɗin. Na ji muryar mahaifina yana faɗin kwanan wata, sannan kwaɗi suka ɓarke da kuka. A ƙasa na zauna na yi kuka tare da su. Ashe ba ƙarya ya yi ba, sun yi kukan.

Sai na zo kan hotunan. Mahaifina ya ɗauki kowane kwaɗo ta baya ranar da aka kawo shi, ya sake ɗaukarsa ranar allura. Ka san zanen bayan kwaɗo ba ya canzawa. Mai lamba goma sha huɗu, a hoton farko yana da baƙin tabo babba a kafaɗar hagu. A hoto na biyu babu tabon, sai layi biyu da suka sauka har ƙugu. Yatsan da aka yanke ɗaya ne, amma kwaɗon ba shi ba ne. Na kwana uku ina jera hotuna a kan tebur. A zagayen farko shida aka canza. A zagaye na biyu da na uku, duk waɗanda aka yi wa allurar sinadarin an canza su, na ruwan gishiri kuwa ba a taɓa ko ɗaya ba.

Mutum biyu ne ke da makullin ɗakin nan a lokacin. Ɗaya yana kabari.

Ban nuna wa kowa ba tukuna. Akwai kuma shafi guda da aka yage daga littafin, ban san wanda ya yage shi ba. Baba, ka goya ni a bayanka, Inna ta yi min kitso. Ba na so in ji daga bakin wani. Ka gaya min.

Auta


24 ga Maris

Auta,

Salama da gaisuwa. Wannan takardar ban karanta wa Innarki ba, na shiga ɗaki na rufe ƙofa nake rubutawa.

Ni ne.

Zan faɗa miki yadda aka yi, ba don in wanke kaina ba. Shekara uku mahaifinki yana allurar nan ba kwaɗon da ya buɗe baki. Masu ɗaukar nauyin binciken suka ba shi wa'adi na ƙarshe. Sai ki same shi da tsakar rana zaune cikin ɗakin duhu, abin saurare a kunne, awa huɗu bai motsa ba. In ya fito ya ce min, "Yau ma sun yi mana rowa."

Wata Juma'a aka aiko min ƙanena ya faɗo daga kan gini. Na tafi ban gaya wa kowa ba, na ce zan dawo washegari, ban dawo ba sai Lahadi. Injin da ke juya ruwa ya tsaya. Na tarar da shida sun mutu a tanki ɗaya, ciki sama, ɗakin yana wari. Litinin za a yi musu allura. Tsoro ya kama ni. Na ɗauki buhu na tafi bayan ma'aikatar ruwa, inda magudana ba ta bushewa kuma kwaɗi ke kuka rani da damina. Na kamo maza shida, na yanke musu yatsu daidai da lambobin matattun, na zuba su a tanki.

Litinin Dakta ya yi allura. Ba a yi minti arba'in ba mai lamba goma sha huɗu ya kumbura maƙogwaro, sauran suka bi. Mahaifinki ya fito da gudu, ya kama ni ya rungume a gaban ɗalibai, yana cewa, "Ka ji su? Ka ji su?" Na buɗe baki zan faɗa, na kasa.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Zagaye na biyu ba wanda ya mutu, da gangan na canza su. Na ce a raina ai maganin yana aiki, taimaka masa kawai nake yi, kuma ba zan iya ganin ya koma zaman ɗakin duhu ba. Na uku ma haka. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ni sai da na yi uku.

Ranar kwamiti aka kira ni. Mutum biyar ne a bayan dogon tebur, mahaifinki yana gefe shi kaɗai. Shugabansu ya ce, "Kai ke kula da dabbobin. Ka taɓa ganin wani abu ba daidai ba?" Na tuna yara bakwai da gidan ma'aikata da muke ciki. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ga komai ba, ni wanki nake yi." Dakta bai ko ɗago kai ba. Na ci gaba da aikina shekara goma bayan nan, na yi ritaya da takardar yabo. Ranar da ya rasu ni na kama gaban makara.

Ya mutu bai san wanda ya kashe masa suna ba. Shafin da kike magana ban san da shi ba, ban taɓa buɗe littafinsa ba.

Ba na roƙon ki yafe. Abu ɗaya nake roƙo, ki samo min rana wurin shugaban sashe. Zan zo da ƙafata in faɗa, in sa hannu, a rubuta cewa Dakta bai san komai ba. Abin da zai biyo baya na yarda.

Wanda ya cuce ku,
Mai Kwaɗi


2 ga Afrilu

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya jiki, ya su Yaya? Na so in kira ki, amma na san kuka zai hana ni magana. Ga kwafin takardar Baba Mai Kwaɗi nan na haɗo miki, ki karanta a zaune.

Umma, an wanke Baba. Mutumin da muke kai wa gaisuwa shi ya yi mana wannan. Ban san yadda zan kalli fuskarsa ba, amma zai zo ya faɗi gaskiya, kuma na riga na nemi ganin shugaban sashe.

Akwai abin da ya fi ci min rai. A shafin ƙarshe na littafinsa Baba ya rubuta wani gwaji da bai samu yi ba. Ya yi zargin cewa kwaɗon da ya daɗe a tsare sinadarin mazantakarsa ke sauka, shi ya sa allurar ba ta samun abin kamawa a ƙwaƙwalwa. Na gwada. Na fara ba su sinadarin mazantaka kwana goma, sannan na yi allurar. Shekaranjiya bakwai cikin goma suka yi kuka, Umma, kwaɗina na tanki, ba na magudana ba. Taki ɗaya ya rage masa. Da ba a ruɗe shi da kwaɗin ƙarya ba, da ya kai.

Ki gaya wa su Yaya su shirya, ina so mu shiga ofishin nan tare da kanmu a sama.

'Yarki,
Auta


11 ga Afrilu

Auta,

Wa alaikis salam. Jiki da sauƙi. Ban gaya wa yayyenki komai ba, ke ma kada ki gaya musu sai kin gama karanta wannan.

Ki buɗe 'yar takardar da na naɗe a ciki. Shafin da kike nema ne, ni na yage shi. Kin san rubutun ubanki. Ya ce: "Sha huɗu, yankan yatsa ɗanye ne, har da jini. Babu tabon kafaɗa." Yanzu ki dubi kwanan watan da ke sama. Ranar allurar zagayen farko ce, wata biyar kafin ya aika da sakamakon a buga.

Ya gani, Auta. Tun ranar farko ya gani.

Ni ban sani ba sai safiyar da zai je gaban kwamiti. Yana zaune bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa, ya miƙo min littafin. Na ce, "To ka faɗa musu mana, ai yaron aikinka ne ya yi." Ya ce, "In ce me? In ce na ga jinin na rufe littafin na je na kira ɗalibai su zo su saurara? Zagaye na biyu ko ƙafafunsu ban duba ba, don kada in gani." Na ce, "'Ya'yanka fa?" Ya ce, "Shi ma yana da su. Shi tsoro ya ji, ni kuwa so nake yi." Ya sa ɗayan takalmin ya fita.

Kin sha tambaya ta me ya sa na daina gaisawa da mutanen gidan can. Ba zan iya zama in ci abinci da mutumin ba, kuma ba ni da bakin zaginsa. Ku kuwa na bar ku da uban da aka zalunta, don ya fi sauƙin ɗauka. Na ga yadda kuka taso kuna kare shi, na yi shiru. In laifi ne nawa ne.

Yanzu ki saurare ni. Tsohon nan bai san ubanki ya gani ba. Duk duniya daga ni sai ke. In ya je ya faɗi nasa, za a wanke Dakta, yayanki ya daina sunkuyar da kai in an tambaye shi ɗan wane ne, 'ya'yan yayarki su taso da sunan kaka mai tsabta. Kuma ba ƙarya zai yi ba, shi ya canza kwaɗin. Na sha kunna ashana a kan shafin nan ina kashewa, don rubutun mijina ne. Ke ba ki da wannan raunin. In ni ce ke, ƙonewa zan yi.

In kuwa kika kai shi ofishin nan, ki sani da hannunki kika sake binne ubanki, kuma ban san ranar da zan iya kallonki ba.

Allah ya shirya min ke.

Ummanki


25 ga Afrilu

Baba Mai Kwaɗi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ka gaida Inna.

Shugaban sashe ya ba mu Litinin, biyar ga Mayu, ƙarfe goma na safe. Ga hoton wani shafi nan a ciki, shi ne wanda aka yage. Ka karanta shi, ka dubi kwanan watan da kyau kafin ka yanke shawarar hawa mota.

Kwana goma yana cikin jakata. Sau ɗaya na kai shi har bakin murhun ɗakin gwaji. Abin da ya hana ni shi ne, in ka sa hannu cewa Baba bai san komai ba, ƙarya za ka sa wa hannu ba ka sani ba, ni kuma ina zaune kusa da kai na sani. Irin zaman da kuka yi ke nan kai da shi a gaban kwamiti.

Zan shiga da shafin, da hotunan, da sakamakon kwaɗina. Na gaya wa Umma, ta kashe wayar, tun ranar ba ta ɗauka. Yaya ya aiko cewa kada in zo gida hutun nan.

Ban yafe maka ba tukuna. Mahaifina ma ban yafe masa ba. In ka ga ba za ka zo ba, ba zan riƙe ka da wannan ba.

Auta


29 ga Afrilu

Auta,

Wa alaikis salam. Na karanta. Shekara goma sha shida ina neman gafarar mutum a kan abin da ya riga ni sani, ban san ko sauƙi na ji ko ƙarin nauyi ba.

Jiya na gaya wa Innarki komai. Ta tashi ta goge min rigar da zan sa.

Zan iso Lahadi da yamma. Kada ki zo tarya ta a tasha, na san hanya.

Mai Kwaɗi